Daga Ƙorafi Zuwa Ƙara: Nazarin Hanyoyin Tunkarar Wariya a Wurin Aiki a Kasuwar Kantin Kwari, Kano

Tsakure

Dokokin Nijeriya sun haramta nuna wariya a wurin aiki, sun kuma tanadi hukumomi da kotun da za a kai wa kuka. Duk da haka, ba kasafai yaron shago ko ɗan dako a kasuwar Kantin Kwari yake tunanin nufar ɗaya daga cikinsu ba idan aka nuna masa bambanci. Wannan maƙala ta nemi dalilin haka a cikin harshe da al'ada. An dogara da nassin dokoki, da ayyukan magabata a kan kasuwancin Hausawa, da karin magana, da kuma yadda ake sarrafa kalmomi uku: ƙorafi da koke da ƙara. Maƙalar ta nuna cewa doka tana kallon aiki a matsayin yarjejeniya, alhali kasuwa tana kallon sa a matsayin zaman gida. Saboda haka hanyar da za ta amfani ma'aikaci ita ce wadda ta fara daga koke, tana riƙe da shaida, ba tare da ta rufe ƙofar ƙara ba.

Fitilun Kalmomi: Wariya, Ubangida, Yaron Shago, Koke, Ƙara, Kantin Kwari

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da ake rubutawa game da wariya a wurin aiki yana ɗauka cewa akwai takardar ɗaukar aiki, da albashi tsayayye, da ofishin kula da ma'aikata inda za a miƙa takardar koke. Wannan hoto ya dace da banki ko ma'aikatar gwamnati. Bai dace da inda mafi yawan Kanawa suke neman abincinsu ba, wato kasuwa da garejin kanikanci da shagon tela. A waɗannan wurare, wanda ya yi maka ba daidai ba shi ne kuma wanda yake ba ka kuɗin abinci da rana, shi zai tsaya maka ranar aurenka, shi ake sa ran zai ba ka jari. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ta yaya mutumin da yake cikin irin wannan dangantaka zai faɗi cewa an ware shi, ba tare da ya yi asarar shekarun da ya kwashe yana bauta ba?

2.0 Kantin Kwari a Matsayin Wurin Aiki

Kasuwar Kantin Kwari tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma. Tarihinta yana da nasaba da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, da zaman 'yan kasuwar Siriya da Lebanon waɗanda suka buɗe kantunan yadi a yankin. Dokokin mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ƙara buɗe wa attajiran gida hanyar mallakar cinikin. A yau ana sayar da atamfa da shadda da leshi da yadi, daga dila da bandir har zuwa turmi, ga masu sari daga sassan Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru.

Ma'aikatan kasuwar hawa-hawa ne. Akwai ubangida mai shago, da yaran shago, da dillalai da 'yan kamasho masu cin la'ada, da 'yan tebura, da 'yan dako da masu turin baro, da masu gadi, da mata masu sayar da abinci. Ginshiƙin tsarin shi ne dangantakar ubangida da yaronsa, wadda ta daɗe cikin fataucin Hausawa. Abner Cohen ya bayyana ta a nazarinsa na Sabo ta Ibadan a 1969, Paul Lovejoy kuma ya nuna irin rawar da ta taka cikin fataucin goro a littafinsa na 1980. Yaro yakan zo ne ta hannun wani, uba ko kawu ko malami. Ba a cika yanka masa albashi ba. Ana ɗaukar nauyin buƙatunsa, ana koya masa ciniki, sannan bayan shekaru a sallame shi da jari ko da kaya bashi. Makamancin wannan tsari yana nan a tsakanin 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari, inda yaro yake yi wa maigidansa hidima na wasu shekaru kafin a ware masa nasa.

Abin lura a nan shi ne, ladan yaro na gaskiya a gaba yake, kuma a hannun mutum ɗaya. Wanda ya bar gidan ubangida da faɗa a shekara ta bakwai, ya bar shekara bakwai a can.

3.0 Fifiko da Wariya

Ba kowane fifiko ne wariya ba. Kasuwancin da ake yi da amana dole ne ya fifita wanda aka jarraba a kan wanda ba a jarraba ba. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1958 kuma Nijeriya ta amince da ita a 2002, ta ɗauki wariya a matsayin duk wani bambanci da aka gina a kan launin fata ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa ko asalin ƙasa ko asalin zuriya, wanda ya tauye wa mutum dama a wajen aiki. Ta kuma keɓe bambancin da yanayin aikin kansa ya wajabta. Ma'aunin ke nan: shin an duba abin da mutum ya yi, ko an duba abin da aka haife shi a ciki?

A ƙaddara yara biyu a shago ɗaya. Na farko ya zo daga ƙauye, ya shekara shida ba a taɓa samun gibi a lissafinsa ba. Na biyu ɗan cikin gari ne, shekararsa biyu. Na biyun aka ba makulli, shi ake aika wa banki, shi ake haɗawa da manyan abokan ciniki. Idan dalilin shi ne na biyun ya fi iya lissafi, wannan fifiko ne. Idan kuwa dalilin shi ne an ce mutanen garin su na farko ba a ba su amana, wannan wariya ce, ko da an faɗe ta cikin raha.

Harshen Hausa yana da kalmomin da suke ɗauke da irin wannan rabe-rabe: ɗan gari da baƙo, ɗan birni da baƙauye, ɗan gado da shigege. M. G. Smith ya tattauna bambancin sana'ar gado da ta shigege a maƙalarsa ta 1959 a kan matsayi a tsakanin Hausawa. Ban da waɗannan, wariya tana iya biyo ta ƙabila, kamar Bahaushe a shagon wanda ba Bahaushe ba ko akasin haka, ko ta addini da aƙida, ko ta naƙasa, ko ta jinsi, musamman ga mace mai neman tsayawa a shago a kasuwar da maza suka fi yawa. Wasan barkwanci na tsakanin garuruwa da ƙabilu, wanda asalinsa sada zumunci ne, yakan zama mayafi idan mai iko ne kaɗai yake yin sa, na ƙasa kuma ba shi da bakin ramawa.

4.0 Ƙorafi da Koke da Ƙara

Fassarar yau da kullum takan haɗa waɗannan kalmomi uku wuri guda, amma ginin jimlolinsu ya nuna ba ɗaya suke ba.

Ƙorafi ana yin sa ne a kan abu. Ana cewa wane yana ƙorafi a kan rabon la'ada. Ba lallai ne a sami wanda aka nufa da shi ba, kuma ba lallai ne ya haifar da komai ba. Shi ne abin da yara suke yi a tsakaninsu a wurin mai shayi. Mai yawan ƙorafi ba abin yabo ba ne.

Koke, wanda tushensa ɗaya da kuka da kokawa, ana kai shi ne ga wani. Hankalin jimlar yana kan mai sauraro, wanda ake ganin yana da iko da tausayi. Mai koke ya amince da girman wanda ya je wurinsa, bai kuma yanke hulɗa da wanda ya ɓata masa ba.

Ƙara kuwa ana yin ta wani. Ana cewa ya yi ƙarar Alhaji. A nan sunan wanda ake tuhuma ya manne da kalmar. An sami mai ƙara da wanda ake ƙara, wato ɓangare biyu masu fuskantar juna. Kalmar ita ce kuma ake amfani da ita ga sauti mai ƙarfi wanda kowa yake ji. A rubutun boko lanƙwasa ɗaya ce ta raba ta da kara, wato ɗabi'ar kawar da kai don ganin girman mutum, amma a zamantakewa kishiyoyin juna ne. Wanda ya yi ƙarar ubangidansa ana ganin bai yi masa kara ba.

A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 game da mutumin kirki, ya lissafa haƙuri da kunya da ladabi cikin siffofin da Bahaushe yake yabo. Ya kuma lissafa gaskiya da mutunci da adalci. Matsalar da ake fuskanta a kasuwa ita ce, siffofi ukun farko ake tunatar da yaro, na ƙarshen kuma ba a cika tunatar da ubangida ba. Ana ce wa yaro mai haƙuri yakan dafa dutse, ana ce masa shari'a saɓanin hankali ce. Sai dai taskar karin maganar ba ta tsaya nan ba. Ita ce ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ashe al'ada ba ta hana magana ba, ta dai tsara yadda za a yi ta.

Haka abin yake a addini. Wasu sukan ji tsoron kada kai kuka ya zama gulma. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, kuma Imam Nawawi ya sa kai kukan zalunci ga mai ikon gyarawa a farkon wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta. A tarihin Kano ma, nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta jaddada wajibcin shugaba ya saurari masu koke.

5.0 Tanadin Doka da Gibinsa

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan Nijeriya saboda al'ummarsa ko ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa ko yanayin haihuwarsa. Sashe na 17 ya ambaci biya daidai ga aiki daidai, amma yana cikin babi na biyu wanda ba a kafa ƙara da shi kai tsaye. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulkin a 2010 ya kawo sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rigingimun wariya da cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki, da ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da Nijeriya ta amince da su. Kotun tana da reshe a Kano. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Wannan ta biyu ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, da naira 1,000,000 ga kamfani.

Idan aka ɗora waɗannan tanade-tanade a kan Kantin Kwari, gibi huɗu ne suke bayyana.

Na farko, Dokar Ƙwadago ta amince da yarjejeniyar baka, amma sashenta na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aiki cikin wata 3. Ta kuma ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuta ta, jami'in ƙwadago ya shaida. Tsarin ubangida da yaro bai ginu a kan takarda ba, don haka alkawarin sallama yana da wuyar tabbatarwa.

Na biyu, sashe na 91 na dokar ya cire 'yan gidan mai ɗaukar aiki daga ma'anar ma'aikaci. A kasuwar da ake kiran ɗan maƙwabci ɗa, iyakar gida da aiki ba a fili take ba.

Na uku, dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin kamasho. Mafi yawan shaguna ba su kai wannan adadi ba.

Na huɗu, sashe na 42 ɗan ƙasa ya ambata. Ɗan Nijar ko ɗan Chadi mai dako ko gadi sai dai ya dogara da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, wadda Nijeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983, domin ita kowane mutum ta ambata.

6.0 Matakan Tunkarar Wariya

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da tsani mai hawa shida.

Hawa na farko shi ne tantancewa. Ma'aikaci ya tambayi kansa: me aka hana ni, wa aka ba, wane dalili aka faɗa, sau nawa abin ya faru? Koken da ya ce ba a so na ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya ambaci rana da wuri da kalmar da aka furta shi ake iya bincikawa.

Na biyu shi ne adana shaida tun kafin a buɗe baki: saƙon waya, da saƙon murya na WhatsApp, da shaidar tura kuɗi ta banki, da sunayen waɗanda suka ji. A nan akwai abin da ya keɓanci kasuwa. Makamin ramuwa mafi sauƙi a kan yaron shago shi ne zargin gibi a lissafi, kuma wanda aka kira ɓarawo a layi ɗaya ba zai sami shago a layi na gaba ba. Saboda haka hikima ce yaro ya nemi a yi lissafin kayan da ke hannunsa a gaban shaidu kafin ya ta da maganar. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, hujja ce da ɗan kasuwa ba zai ƙi ji ba.

Na uku shi ne magana da ubangida a keɓe, ba a gaban abokan ciniki ba. Salon da al'ada ta tanada shi ne mai koke ya fara da neman laifin kansa: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shekarata shida a gidan nan. In akwai laifin da na yi wanda ya sa ba a aike na, a gaya mini in gyara." Wannan ba rauni ba ne. Jimlar ta tilasta a faɗi dalili, ta kuma bar wa babba hanyar gyarawa ba tare da ya ji kunya ba.

Na huɗu shi ne koke ga na tsakiya. Wanda ya fi cancanta shi ne mutumin da ya kawo yaron, domin shi ne shaidar alkawarin farko. Bayansa akwai dattawan layi, da limamin masallacin da ubangida yake salla, da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, da hukumar gudanar da kasuwar, da mai unguwa. Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ma tana yin sulhu, sai dai wanda ba Musulmi ba yana iya fi natsuwa da wata kafar. Duk sulhun da aka cim ma, a rubuta shi, kowa ya riƙe kwafi.

Na biyar shi ne hukumomin gwamnati. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana bincikar ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu rajista, kuma tana buƙatar a kai koke cikin wata 12 da faruwar abin. A nan haƙuri mai tsawo yana iya cinye haƙƙi.

Na shida shi ne ƙara a Kotun Ma'aikata, bayan shawarar lauya.

Wannan tsani yana da togaciya. Idan abin ya kai ga duka, ko tsarewa, ko neman mace da lalata a matsayin sharaɗin aiki, laifi ne da ya shafi 'yan sanda, kuma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya zauna sulhu da wanda ya cuce shi. Haka kuma kai magana gidan rediyo ko Facebook yana da saurin tasiri, amma magana zarar bunu ce. Wanda ya ambaci suna ba tare da shaida ba yana iya komawa wanda ake ƙara da ɓata suna.

7.0 Nauyin Mai Sauraro

Tsanin ba zai tsaya ba sai masu karɓar koke sun sauke nasu nauyin. Raunin sulhun kasuwa shi ne masu yin sa abokan ubangida ne, tare suke sari, wataƙila suna bin juna bashi. Idan duk zama ya ƙare da a ba yaro haƙuri, sulhu ya zama wata hanyar rufe baki. Abubuwa huɗu za su rage wannan: a saurari mai koke shi kaɗai kafin a haɗa su, a sa wakilin yara ko na 'yan dako a zaman, a samar da mace da mata za su iya gaya wa abin da ba za su faɗa wa maza ba, sannan ƙungiya ta ɗauki korar mai koke a matsayin laifi mai zaman kansa. Takarda mai shafi ɗaya da Hausa, da boko ko da ajami, wadda ta faɗi ranar fara aiki da abin da za a riƙa ba yaro da sharaɗin sallama, za ta kare ubangida kamar yadda za ta kare yaro.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shirun ma'aikacin Kantin Kwari ba rashin sanin zalunci ba ne, lissafi ne. Doka ta ba shi ƙara, amma ƙara tana yanke igiyar da jarinsa yake rataye a kanta. Al'ada ta ba shi koke, amma koke marar shaida a gaban abokan ubangida yakan koma ƙorafi. Mafita ita ce a haɗa su: koke mai shaida, wanda kowa ya san akwai ƙara a bayansa. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai aiki biyu a gaba. Na ɗaya shi ne tattara ainihin maganganun da ake yi a zaman sulhun kasuwa domin a ga yadda ake sarrafa haƙuri da adalci a cikinsu. Na biyu shi ne kula da fassarar dokokin ƙwadago, domin mai fassarar da ya sa ƙara inda koke ya dace yana iya korar mutumin da aka yi dokar dominsa.